Tambaya da Amsa: Mafarkin Nebukadnezzar da masu cewa "turo min mafarkinki"

Salama gareku masu karatu. Wannan karon saƙonnin da suka shigo kusan duk akan mafarki ne kamar an haɗa baki, na zaɓi huɗu, ta farkon zata ɗan ɗauke mu lokaci don akwai zumunci da ke shirin lalacewa a ciki. Kamar kullum na cire sunaye.

TAMBAYA: Salama Baba. Dan Allah inada tambaya kuma abun yana damuna sosai. Ran Lahadin da ta wuce fastonmu yayi wa'azi akan Daniyel sura 2, mafarkin sarki Nebukadnezzar, yace duk masu hikimar Babila sun kasa amma Allah ya bayyana ma Daniyel, yace har yanzu Allah yana magana ta mafarki kada mu raina. Toh ni kuma sati biyu kenan ina wani mafarki, sau uku nayi shi, ina tsaye bakin rijiya sai inji kamar yayata tana bayana, sai inga ina faɗawa, in farka zuciyata na bugawa. Bayan wa'azin sai na tura ma wani da nake gani a Facebook yana fassara mafarki yana kiran kanshi annabi, na bashi labarin duka, yace wai yayata ce ke bina da sharri, in yanke hulɗa da ita kuma in turo kuɗin addu'ar kwana bakwai. Baba uwa ɗaya uba ɗaya muke, ita ta riƙe ni har na gama makaranta, yanzu ko ta kira bana iya ɗagawa. In na ƙi yarda da fassarar nan na raina muryar Allah kenan?

AMSA: 'Yata, kafin komai, in yayarki ta sake kira ki ɗaga. Wannan bai buƙatar wahayi. Sauran kuma mu buɗe surar da fastonku ya karanta mu bi ta a hankali, domin amsarki na cikinta, kawai dai kin kama ta ta wutsiya ne.

Nebukadnezzar ya hau sarautar Babila a shekara ta 605 kafin haihuwar Almasihu, surar kuma tace a shekara ta biyu ta mulkinsa ne yayi mafarkin da ya hana shi barci. Ya kira masu sihiri da masu dabo da bokaye da Kaldiyawa, wato duk manyan masana na fada. Me suka fara ce masa? Duba aya 4: ranka ya daɗe, faɗa mana mafarkin mu kuma mu faɗa maka ma'anarsa. Sarki yace a'a, ku faɗa min mafarkin da kanku sannan fassarar, in kun kasa a yi gunduwa-gunduwa da ku a mai da gidajenku juji. Suka sake maimaita roƙon a aya 7. Mutane da yawa na ɗauka sarkin mantawa yayi da mafarkin, saboda yadda wasu tsofaffin fassarori suka juya aya 5, amma galibin masu fassara yanzu sun fahimci kalmar da nufin "na riga na yanke magana". Kuma aya 9 ta nuna dalilinsa ƙarara, yace in kun faɗi mafarkin sai in san kuna iya fassara shi. Gwada su yake. Mutumin mugu ne amma ba wawa bane, ya san duk wanda aka ba labari zai iya ɗinka masa ma'ana.

Su mutanen nan fa sana'arsu da littafi suke yinta. Masu tonon kayan tarihi sun samo allunan yumɓu a Nineba, cikin ɗakin karatun sarki Ashurbanifal, an jera mafarkai da ma'anarsu, in mutum yaga kaza a mafarki to kaza zai faru. A Masar ma an samu irin wannan takarda ta zamanin Ramsis na biyu, tana nan ajiye a gidan tarihi na Landan, kowane mafarki an sa masa "mai kyau" ko "mummuna", mummunan ma da jan tawada ake rubuta shi. Kinga aikin kenan, kawo mafarki a duba jeri a baka amsa. Ranar da aka hana su mafarkin, jerin ya zama banza, shi yasa a aya 10 da 11 suka faɗi gaskiya mafi girma da suka taɓa faɗa, cewa babu mutum a doron ƙasa da zai iya wannan, sai dai alloli waɗanda basa zama tare da 'yan Adam.

Yanzu ki dawo kan naki. Ke da kanki kika ce kin bashi labarin duka. A mafarkin akwai ke, akwai rijiya, akwai yayarki, toh wa zai nuna in ba ita ba? Ko yaro ɗan firamare aka ba wannan lissafin zai ci. Bai faɗa miki komai da ba ke kika fara faɗa masa ba, ya ɗauki tsoronki ya wanke ya miƙo miki, ya ɗora farashi a kai. Ba ina cewa sai mutum ya faɗi mafarkinki kafin ki buɗe baki sannan ya zama na Allah ba, Fir'auna ai ya ba Yusufu labarin nashi. Amma ki san cewa abun da mutumin nan yayi, bokayen Babila ma shi suka roƙa a bar su suyi.

Sai ki kalli Daniyel. Da Ariyok shugaban dogarai ya fito kashe masu hikima, Daniyel bai ce ku matsa ga annabi yazo ba. Ya roƙi lokaci, ya koma gida ya samu abokansa uku, Hananiya da Mishayel da Azariya, yace mu roƙi jinƙan Allah na sama, domin shima a daren nan bai san komai ba, wuyansa na kan layi ɗaya da na sauran. Da aka bayyana masa cikin wahayi da dare, abu na farko godiya ce, na biyu kuma, wanda masu wa'azi kan tsallake, yace ma Ariyok kada ka hallaka masu hikimar Babila, aya 24. Mutanen da ba addininsu ɗaya ba, abokan hamayyarsa a fada, wahayin da ya samu ya ceci rayukansu. Naki annabin kuma wahayinsa na farko shine ya raba ki da wadda ta raine ki. Da Daniyel ya tsaya gaban sarki aka tambaye shi ko zaka iya, yace babu mai hikima ko boka da zai iya, amma akwai Allah a sama mai bayyana asirai, ya ƙara a aya 30 cewa ba don na fi sauran masu rai hikima aka bayyana min ba. Yusufu ma haka, a kurkuku yace ma mai shayarwa da mai tuyan Fir'auna ashe fassara ba ta Allah bace, Farawa 40:8, a gaban Fir'auna kuma yace ba ni bane, Allah ne zai ba Fir'auna amsa, 41:16. Mutum biyu da Littafi Mai Tsarki ya sani da fassarar mafarki, dukansu da "ba ni bane" suka fara. Batun kuɗi kuwa, gaskiya ne Nebukadnezzar ya ba Daniyel kyautai da muƙami daga baya, amma Daniyel bai yi ciniki ba, kuma da sarki Belshazzar ya yi masa tayin lada kafin aiki a sura 5 aya 17 cewa yayi riƙe kyautarka ko ka ba wani, zan karanta maka rubutun haka nan.

Fastonku bai yi ƙarya ba da yace Allah na iya magana ta mafarki. Ayuba 33:14-15 ta faɗa, Yowel 2:28 ta faɗa, Bitrus ya maimaita ta ranar Fentikos a Ayyukan Manzanni 2:17. Amma Littafin da ya faɗi wannan shi ne kuma ya cika da kashedi. A Irmiya 23 daga aya 25 Allah yana ƙorafin annabawa masu yawo suna cewa na yi mafarki, na yi mafarki, alhali ruɗin zuciyarsu ne, yace mai mafarki ya faɗi mafarkinsa, mai maganata ya faɗe ta da aminci, me ya haɗa ƙaiƙayi da alkama. Maimaitawar Shari'a 13 ma tafi tsanani, tace ko alamar da mai mafarki ya bayar ta cika, in yana janye ku daga bin Ubangiji kada ku saurare shi. Wato cikar abu ma bata isa shaida ba, sai an duba inda maganar take kai mutum. Ita wannan fassarar ina take kai ki? Karin Magana 6:19 ta lissafa mai shuka husuma tsakanin 'yan'uwa cikin abubuwan da Ubangiji ya ƙi. Shari'ar Musa bata yarda a kama mutum da laifi da bakin shaida ɗaya ba, sai biyu ko uku, Maimaitawar Shari'a 19:15, ke kuma kin yanke ma yayarki hukunci da shaidar barci da bakin mutumin da bai taɓa ganinta ba.

Nasan abun da ke riƙe ki, cewa sau uku kika yi. Zaki tuna Yusufu yace an maimaita ma Fir'auna mafarki sau biyu domin Allah ya tabbatar da abun. Haka ne, amma damuwa ma tana maimaita kanta, har ta fi kowa naci. Mai-Wa'azi 5:3 tace yawan ɗawainiya ke kawo mafarki, Ishaya 29:8 ta kawo misalin mayunwaci da ke mafarkin yana ci ya farka cikinsa wayam. Mafarkin faɗawa daga sama ko cikin rami yana cikin waɗanda mutane suka fi yi a ko'ina a duniya, kuma wanda ka fi tunani da rana shi ke biyo ka cikin dare. Ki tambayi kanki tsakani da Allah, akwai wata magana tsakaninki da yayarki da baku ƙarasa ba? Nauyin abun da ta yi miki yana danne ki? Akwai wani mataki da kike tsoron ɗauka don kada ki ɓata mata? Ni ba fassara nake miki ba, kar ki mai da ni annabi na biyu, tambaya ce kawai wadda ke kaɗai ke da amsarta.

Wani abu da na lura dashi shekara da shekaru ina karatu, galibin waɗanda suka buƙaci mai fassara a Littafi Mai Tsarki mutanen da basu san Allah bane, Fir'auna, barorinsa biyu, Nebukadnezzar. In Allah zai yi magana da nashi kuwa yakan faɗa a sarari. Yusufu mijin Maryamu a Matiyu 1 da 2, kada ka ji tsoron ɗaukar Maryamu, tashi ka gudu Masar da yaron, tashi ka koma, bai nemi kowa ya warware masa ba. Uba baya yi ma 'yarsa magana da kacici-kacici sannan ya ɓoye amsar a wurin baƙo mai karɓar kuɗi.

Don haka kar ki tura ko sisi. Ki samu fastonku ko wata dattijuwa a ikilisiya da ta san ku duka biyun ki faɗa mata, kuyi addu'a tare kamar yadda Daniyel yayi da abokansa. In mafarkin ya ci gaba da hana ki barci har ya shafi lafiyarki ki ga likita, ba rashin bangaskiya bane. Ita kuma yayarki ba sai kin bata labarin abun da aka ce a kanta ba in zai ƙona mata rai, ki dai nemi gafarar shirun da kika yi.

TAMBAYA: Malam ni ɗalibin kimiyya ne a jami'a. Na ji wa'azi akan wannan sura ta Daniyel inda mai wa'azin yace ilimin duniya shirme ne, masu digiri su ne bokayen Babila na yau. Gaskiya raina ya ɓaci har na kusa fita. Littafi Mai Tsarki yana gaba da ilimi ne?

AMSA: Ɗana, da ka fita da ka bar masa surar, alhali taka ce. Koma sura 1. Daniyel ɗan makarantar Babila ne, shekara uku aka yi ana koya masa harshe da littattafan Kaldiyawa, aya 17 tace Allah ne ya ba shi da abokansa uku ilimi da gwaninta a kowane irin karatu, a jarabawar ƙarshe kuma sarki ya same su sun fi masanan ƙasar sau goma. A ƙarshen sura 2 shi aka naɗa shugaban masu hikimar Babila ɗin. Musa an horar dashi da dukan hikimar Masarawa, Ayyukan Manzanni 7:22, Bulus almajirin Gamaliyel ne, Luka likita ne. In karatu shirme ne to Allah ya daɗe yana aiki da masu shirme.

Kuma kar kowa ya raina mutanen Babila. Sun yi ɗaruruwan shekaru suna rubuta motsin wata da taurari a kan alluna har suka gane husufin wata yana zagayowa bayan kusan shekara 18, lissafinsu na sittin-sittin shi yasa har yau awa take da minti 60, da'ira take da digiri 360. Duk wanda ya kalli agogo yau yana cin gadonsu. Abun da surar ke nunawa shine waɗannan gwanayen, masu iya faɗin ranar da wata zai yi duhu, sun kasa sanin abun da ya ratsa kan mutumin da ke zaune gabansu jiya da dare. Hikimar mutum tana aiki da abun da aka sa mata a gaba, ta auna, ta kwatanta, ta hango abun da ya saba maimaituwa. Abun da ba a nuna mata ba kuwa, kamar zuciyar wani, ko nufin Allah akan gobe, nan take tsayawa, kuma mai ilimin gaske shi ya fi kowa saurin amsa wannan.

Ko a fanninku haka ne. A 1953 Eugene Aserinsky da Nathaniel Kleitman a jami'ar Shikago ta Amurka suka gano wani mataki na barci da ido ke motsi da sauri a ƙarƙashin fata, kuma in an ta da mutum a lokacin yawanci zai ce mafarki yake. An gane barci na zagayawa kusan kowane minti 90, an gane a wannan matakin jiki kan saki gaɓoɓi don kada mutum ya tashi ya aikata abun da yake gani, shi yasa wani lokaci zaka farka ka kasa motsi, abun da muke kira dannau, wanda ya tsorata mutane da yawa har suka zargi maƙwabta. Wannan ilimi ne mai amfani, ni kaina ya rage min tsoro. Amma bayanin yadda ƙwaƙwalwa ke haɗa mafarki bai amsa ko Allah zai iya amfani dashi ba, kamar yadda sanin yadda waya ke aiki bai faɗa maka wa zai kira ka ba.

Labarin Yusufu ne ya fi burge ni anan. A mafarkin Fir'auna shanu bakwai masu ƙiba da bakwai ramammu, zangarku bakwai cikakku da bakwai busassu, ma'anar daga Allah ta zo, shekara bakwai na ƙoshi da bakwai na yunwa. Amma daga Farawa 41:33 Yusufu ya shiga wani aiki daban, yace a nemo mutum mai basira, a naɗa wakilai, a riƙa karɓar kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gona, a tara a birane. Wannan ai lissafi ne da tsarin mulki da sanin ajiyar hatsi, na mutumin da ya riƙe gidan Fotifar ya riƙe kurkuku. Da mafarkin kaɗai aka samu da Masarawa sun san ranar mutuwarsu ne kawai. Bulus ma da yaga wahayin mutumin Makidoniya yana roƙonsa yazo ya taimake su, Ayyukan Manzanni 16:10 ta nuna sun auna abun ne suka tabbatar kiran Allah ne, sannan suka nemi jirgi. Karin Magana 3:5 cewa tayi kada ka jingina ga fahiminka, bata ce ka jefar dashi ba. Mai wa'azin nan mai yiwuwa 1 Korintiyawa 1:20 yake tunani, inda Bulus yace Allah ya mai da hikimar duniya wauta, amma can zancen gicciye ake, cewa ba ta wayo mutum zai gano hanyar ceto ba, ba zancen lissafi ko haɗa magani ba. Ka koma aji ka ci jarabawarka. In ka samu dama ka zauna dashi cikin ladabi ku karanta sura 1 tare, ba a gaban jama'a ba.

TAMBAYA: Baba na ga wani bidiyo a WhatsApp, mutumin yace yatsu goma na gunkin da Nebukadnezzar ya gani ƙasashe goma ne na yanzu, har ya lissafa su, yace saura 'yan shekaru dutsen ya faɗo. Gaskiya ne?

AMSA: Ɗan'uwa, buɗe Daniyel 2:41-42 ka nemo min kalmar "goma". Babu ita. An ambaci yatsu, ba a ƙirga su ba, ba a kuma ce kowane yatsa ƙasa bane. Goman daga ƙahonin dabbar sura 7 ake ɗauko ta a liƙa anan. Abun da sarki ya gani shine siffa mai kan zinariya, ƙirji da hannuwa na azurfa, ciki da cinyoyi na tagulla, ƙafafu na baƙin ƙarfe, tafin ƙafa kuma ƙarfe gauraye da yumɓu, sai wani dutse da ba hannun mutum ya sare shi ba ya bugi ƙafafun, duka ya ruguje iska ta kwashe kamar ƙaiƙayi, dutsen ya zama babban tsauni ya cika duniya. Daniyel yace sassan siffar mulkoki ne, cikin mulkokin nan kuma guda ɗaya tak surar ta kira da suna, yace ma Nebukadnezzar kai ne kan zinariyar, aya 38. Sauran cewa akayi wani mulki, mulki na uku, mulki na huɗu.

Tarihi ya taimaka. Sairus na Farisa ya ci Babila a 539 kafin Almasihu, Iskandari na Girka ya karya Farisa a 331, daga baya Roma ta mamaye yankin, shi yasa tun zamanin iyayen ikilisiya yawanci ana karanta su Babila, Mediya da Farisa, Girka, Roma. Wasu masana kuma suna raba Mediya da Farisa su ƙare da Girka. Mutanen da suka ƙare rayuwarsu akan Aramiyancin da aka rubuta wannan sashen dashi basu gama daidaitawa akan mulki na huɗu ba, shi kuma mai bidiyo ya gama da yatsu har da sunayen ƙasashe cikin minti biyar.

An sha yin irin wannan. Mabiyan wani mai wa'azi William Miller a Amurka sun lissafa kwana 2,300 na Daniyel 8:14 suka jira dawowar Yesu ran 22 ga Oktoba 1844, wasu har sun bar gonakinsu ba girbi, gari ya waye ba komai. Harold Camping, wani mai wa'azi a rediyo a Amurka, ya sa 21 ga Mayu 2011 a matsayin ranar shari'a, ya ɗaga zuwa Oktoba, daga baya ya fito ya amsa yayi kuskure. Ba dukansu mayaudara bane, wasu da gaske suke, lissafi ne ya ruɗe su suka manta Yesu yace ba naku bane ku san lokatai da Uba ya sa cikin ikonsa, Ayyukan Manzanni 1:7.

Abun da ke bani mamaki, shi kanshi Daniyel da ya warware ma sarakuna nasu, da nashi wahayin yazo a sura 8 sai da ya kwanta ciwo kwanaki, yace abun ya ɗaure masa kai bai gane ba, aya 27. A 12:8 ya sake cewa na ji amma ban fahimta ba, ya tambaya, aka ce masa yi tafiyarka Daniyel, an rufe maganar an hatimce ta har ƙarshen zamani. In an ce ma Daniyel yi tafiyarka, ban ga dalilin da zaka tura bidiyon nan gaba ba. Abun da sura 2 aya 44 ta faɗa a fili shine Allah na sama zai kafa mulkin da ba za a taɓa rushe shi ba, ranar kuwa ba a rubuta ba.

TAMBAYA: Ni bana mafarki kwata-kwata, a zumuntarmu kowa na ba da shaidar abun da Allah ya nuna masa da dare ni ko shiru. Ko Allah baya magana da ni ne?

AMSA: 'Yar'uwa kina yi, mantawa kike, yawancin mafarki yana gogewa cikin 'yan mintuna bayan farkawa, wanda ya farka a tsakiyarsa shi ke tunawa, wataƙila ma barcinki ne ya fi nasu daɗi. A Littafin Ƙidaya 12:6-8 Allah yace da annabawa nakan yi magana ta wahayi da mafarki, amma da bawana Musa baki da baki nake magana, a sarari. Kinga mafarki ba shine matakin sama ba. Ba a rubuta mana mafarkin Rut ko ɗaya ba, ba a rubuta na Nehemiya ba, shi labarin rushewar garun Urushalima ya ji daga bakin ɗan'uwansa yayi kuka yayi addu'a ya nemi izinin sarki, garun kuma ya tashi cikin kwana 52. Linjila huɗu basu bamu labarin mafarkin Yesu ko guda ba. Ibraniyawa 1:1-2 tace a dā Allah yayi magana ta hanyoyi iri-iri ta bakin annabawa, a kwanakin nan kuma yayi mana magana ta wurin Ɗansa, kuma maganar Ɗan tana hannunki a rubuce. In layin shaida ya zo kanki a zumunta, ki buɗe inda kika karanta da safe ki faɗa musu abun da kika gani a ciki, kar ki ƙirƙiro mafarki don kunya.